Daga majema zuwa rumfa: kundin shirin kai kayan fata kasuwar masu aikin hannu a Abuja

Asabar, 11 ga Oktoba 2025

Kasuwar masu aikin hannu da ake ci a Abuja jefi-jefi a ƙarshen mako ba irin kasuwar Kurmi ta Kano ba ce. A Kurmi galibi ɗan kasuwa ne ke zaune a rumfa, baduku yana can gida yana ɗinki. A nan wanda ya zana kayan, ko ya yi su da hannunsa, shi ne tsaye a bayan tebur. Yau mu masu aikin fata daga Kano mun shiga hannu rabbana, don mu ga tsarin wurin kafin mu biya kuɗin rumfa a zaman Disamba.

Kowa an ba shi tebur ɗaya da kujeru biyu a ƙarƙashin laima. Akwai adire na Abeokuta, jakunkunan aso-oke (saƙar Yarbawa), tukwane irin na Ushafa, duwatsun wuya na gilashi daga Bida, sabulun man kaɗanya da turaren wuta. Rumfunan fata uku ne, kuma dukansu jimar kamfani ce, ɗinkin keke. Babu ko mutum ɗaya da ya kawo jimar bagaruwa, alhali fatar jar akuyar Sakkwato ce fatake suka riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka san ta da sunan fatar Maroko. Wannan giɓin shi za mu shiga.

Abin da ya fi amfani shi ne kallon hannun masu saye. Mace za ta ɗauki jaka, ba ta tsaya kan adon waje ba: za ta buɗe ta shinshina, ta ja zif sau da yawa, ta juya shafin ciki, ta bi bakin fata da yatsa, wata har ta goga a gefen mayafinta. Jakar da ta faɗi a ɗaya daga cikin waɗannan, ajiyewa ake yi ba tare da an tambayi kuɗi ba. Babu taya, babu "albarka". Farashi a rubuce yake a jikin kowane kaya, biya kuma da kati ne ko tiransifa.

Talata, 14 ga Oktoba

An tsayar da abin da za a yi: jakar hannu 24 ta rinin baba da fata, gafaka 12 da aka gyara girmanta ta ɗauki kwamfutar tafi-da-gidanka mai inci 14, alabe 40, sai maƙalin makulli 50 daga ragowar yanka. Tumtum da takalma an bar su; tumtum yana cin wuri a mota, takalmi kuma sai an yi lamba-lamba.

Asabar, 18 ga Oktoba

Sayen fata a majema. Lissafi: jaka rabin fata, gafaka ɗaya da rabi, alabe uku daga fata ɗaya. Ya kama 44, an sayi 50 a kan naira 5,500 kowace, naira 275,000 ke nan. Rabin kirgi, wato jemammiyar fatar shanu, na hannayen jaka naira 45,000. Fatar akuya ba ta yin hannun jaka, tana miƙewa in ta ɗauki nauyi.

Ga yadda ake zaɓe. A ɗaga fata a rana, nan ake ganin yankan wuƙa na wajen fiɗa da tabon kaska da na ƙazuwa, waɗanda ba sa fitowa a inuwa. A ninka ta huɗu a matse kusurwar. In fuskar ta yi tsaga, an bar ta ta bushe a rana ko mai bai ishe ta ba. Sai a yanki ɗan kaɗan daga wuya, inda ta fi kauri, a duba tsakiyar yankan: in akwai farin layi, bagaruwa ba ta ratsa ba, fatar ɗanya ce, za ta ƙandare daga baya. Na ƙarshe wari. Bayan an cire gashi da toka, ana jiƙa fata a ruwan kashin kaji ko na tattabara don ta yi laushi, kuma in ba a ɗauraye sosai ba kafin a sa ta a bagaruwa, warin nan ba turaren da zai kore shi. An mayar da fata tara a kan wari kaɗai, dattijon majemin ya canza ba musu. Muka ce, "Baba, jajayen a ba mu na karan dafi zalla." Ya ce, "Malam, na karan dafi ba su kai ashirin a hannuna ba, sai dai a cika da na maƙwabci." Haka aka yi. Karan dafi shi ne jan launin gargajiya da ake samu daga wata irin dawa.

Talata, 21 ga Oktoba

An yanka kwalayen awo. Takardar naira 1,000 tsawonta milimita 151, faɗi 78, don haka aljihun kuɗi na alabe ya zama santimita 17 da 9. Katin banki milimita 85.6 ne da 54. Aljihunsa santimita 9.5 bayan ɗinki. Gafaka santimita 36 da 26, marufi 14.

Asabar, 25 ga Oktoba

Akoko yadi 55 a kan naira 1,800, jimla 99,000. Yadi 30 na rini, 25 na shafin ciki. An fara wanke shi duka da ruwan zafi, saboda sitacin kamfani yana hana baba kamawa, kuma gara ya tsuke yanzu da ya tsuke bayan an ɗinka.

An kai yadi 30 marinar Ƙofar Mata, naira 1,500 kowane yadi. Rabi an ƙulle shi da zare ya fito da zane, rabi baƙi wuluk. An roƙi kada a kai shi mabuga. Bugu da shuni yana sa ƙyalli mai kyau a rawani da riga, amma shunin a saman zare yake zaune, kuma jaka kullum a jikin tufafi take gogawa.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Gwajin zuba, kuma shi ya canza aikin gaba ɗaya. Ana jiƙa farin tsumma, a matse, a naɗe a yatsa, a goga sau goma a wuri ɗaya da ɗan ƙarfi.

Rinin baba ya bar shuɗi a tsumma. Wannan ɗabi'ar baba ce, ba laifin marini ba. Yadi yana fitowa daga rijiyar rini kore-kore, iska ta mayar da shi shuɗi, launin ya maƙale a cikin zare. Wanda ya rage a sama kuwa ba abin da ya riƙe shi. Gishiri ba ya kama shi, duk da yadda ake yawan faɗa. Maganinsa wanki ne da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a yi ta ɗauraya har ruwa ya fito garau, a shanya a inuwa. Bayan haka busasshen tsumma ya fito fes, jiƙaƙƙe kuma da ɗan alama. Ɗan alamar nan ya isa ya ɓata farar abaya ranar zafi. Saboda haka an canza zane: gaban jaka rini, bayanta da ke taɓa jiki fatar bagaruwa da ba a rina ba. Wannan ya jawo ƙarin fata 10, naira 55,000, kuma yadin rini zai yi saura.

Jajayen fatu sun kasu biyu. Goma sha shida sun bar ɗan ja-ja kaɗan, takwas kuwa tsumman ya koma ruwan hoda sharkaf. Takwas ɗin nan galura ce. Ana gane ta da ido in an jera: galura ja ce mai haske da ke karkata zuwa hoda, karan dafi ya fi duhu, yana karkata zuwa launin hanta. Na galurar an ware su. Ba za su shiga ko'ina da hannu ko tufafi zai taɓa ba, sai cikin gindin jaka tsakanin fata da shafi. An musanya biyar daga cikinsu da ɗan ciko.

Na karan dafin gyaransu mai sauƙi ne. Da kanwa ake fito da launinsa, kuma in kanwar ta yi saura a fuska, gumi yana ɗaga shi. An shafe su da ruwan lemon tsami da aka sirka da ruwa ninki uku, suka bushe a inuwa, aka goge da busasshen tsumma har ya daina ɗauka. Sannan aka narka kakin zuma kashi ɗaya da man kaɗanya kashi uku, aka shafa sama-sama, aka murje da gindin kwalba. Launin ya ƙara duhu kaɗan, gwaji kuma ya fito tas.

Talata, 4 ga Nuwamba

Alabe 18 sun kammala. Ɗinkin allura biyu, zare mai kaki, huda bakwai a inci. Zif, zare, gam da kaki daga Ƙofar Wambai, naira 40,000.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Babbar ɓarna ta wannan zagaye. Jiya da yamma an haɗa hannayen jaka bakwai. Kafin a lanƙwasa kirgi a zobe ana ɗan jiƙa shi don kada ya tsage, aka yi haka, aka jera jakunkunan ɗaya kan ɗaya suka kwana. Da safe duk inda zobe ya taɓa fata ya yi baƙi ƙirin, har da bayan jakar da ke sama, wadda zoben ta ƙasa ya kwanta a jikinta.

Dalili kowane baduku ya san shi, ko da bai taɓa haɗa shi da zobe ba. Kuloko da ake baƙanta fata da shi ƙarfe ne da aka jiƙa. Da ya haɗu da bagaruwar da ke cikin fata sai ya koma baƙi. Zoben da aka sayar mana a matsayin tagulla baƙin ƙarfe ne da aka yi wa wankan ruwan tagulla, kuma wankan ya yi sirara a wajen lanƙwasa. Ƙarfe, laima da bagaruwa suka haɗu, aka sami kuloko a inda ba a nema. Fatar kamfani ba ta yin haka, shi ya sa masu sayar da zoben ba su ga matsala ba.

Gwajin da ya kamata a yi tun a shago shi ne na maganaɗisu: tagulla ba ta kama shi, ƙarfe yana kamawa. An gwada buhun duka, ba zobe ɗaya da bai manne ba. Naira 24,000 ta tafi, sai dai in an yi aikin yadi zalla nan gaba. Na tagullar gaske an ba maƙeran fari su zuba, zobe 100 da maɓallin gafaka 12, naira 58,000, za su ɗauki kwana biyar.

Ruwan lemon tsami yana rage baƙin, amma yana barin farin tabo a madadinsa, kuma in an yawaita fata ta yi gautsi. Jaka biyar an cece su da sauya ɗan yankin da zobe ke ciki. Biyu tabon yana tsakiyar baya, ba gyara. Ɗaya za a tsaga ta gefe a ajiye a kan tebur a kasuwa, mai saye ya ga abin da ke tsakanin fata da shafi, ya kuma yi gwajin tsumma a kanta da hannunsa.

Daga yau ba a ɗora jiƙaƙƙiyar fata a kan teburin ƙarfe, ba a danne ta da almakashi ko guduma, ba a matse ta da wani abin ƙarfe sai an naɗe shi da tsumma.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Zoben tagulla sun iso, bakinsu da kaifi a wajen zubi, an goge da zarto da yashi. Alabe 40 sun cika.

Talata, 18 ga Nuwamba

Hunturu ya sauko, kuma fata ta fi kowa sani. Gafaka ɗaya ta tsage a layin ninkin marufi, tsawon yatsa, a fuskar waje. Fatar ta bushe ne, ga kauri a wurin, da aka ninka sai fuskar ta kasa miƙewa. An rage ta zuwa maƙalin makulli, gafaka ta koma 11. Ga sauran: a fara fere layin ninki ta ciki ya koma rabin kauri, faɗin santimita ɗaya, a shafa man kaɗanya sama-sama da daddare, da safe a ɗan feshe da ruwa, sannan a ninka a hankali a kan sanda, ba a kan kaifin tebur ba. Man gyaɗa da majema ke sawa yana aiki, amma in aka ƙara shi a kan kayan da za a rufe a jaka, bayan wata biyu yana yin ƙauri.

Gam ma yana bushewa kafin a haɗa fuska biyu, don haka shafawa ta koma tsawon taƙi ɗaya a lokaci guda. Ƙura tana manne wa kaki. Duk abin da aka gama ana naɗe shi da ragowar akoko nan take.

Bakin fata ya ci lokaci fiye da yadda aka ƙiyasta, kuma ba za a rage shi ba, tunda shi yatsan mai saye ke bi. Bakin fatar akuya ba ya gogewa, laushinta ya yi yawa, sai gashi-gashi. Ana fere milimita 8, a shafa gam, a naɗe, a ɗinke. Kirgi kuwa yana gogewa: a zagaye kaifin da wuƙa, a shafa ruwan ƙaro, a murza da sanda mai tsagi har ya yi santsi.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Ranar lissafi. Fata 60, naira 330,000. Kirgi 45,000. Akoko 99,000, rini 45,000. Zoben da aka yi asara 24,000, na tagulla 58,000. Zif da sauransu 40,000. Ladan dukawa biyu da tela 260,000. Rumfa kwana biyu 90,000. Mota, masauki da abinci na mutum biyu 140,000. Takardun farashi da jakar takarda 32,000. Jimla naira 1,163,000, ban da tafiyar Oktoba.

Rumfa da mota da masauki da abinci kaɗai sun ci 230,000, kusan kashi ɗaya cikin biyar. Nan masu aikin hannu da yawa ke karyewa: a sa farashi da kuɗin fata da ladan ɗinki kamar za a sayar a ƙofar gida, a dawo da jaka babu kaya, aljihu kuma babu riba.

Farashi: jaka 32,000, gafaka 38,000, alabe 9,000, maƙalin makulli 2,500. In komai ya ƙare, jaka 22, gafaka 11, alabe 40 da maƙali 50 za su ba da naira 1,607,000. Ba wanda ke sayar da komai a kwana biyu. Sai an sayar da kusan kashi uku cikin huɗu kafin a mayar da uwar kuɗi, kuma wannan ya yi tsauri.

Asabar, 29 ga Nuwamba

An biya rumfa. Kowane kaya an ɗaura masa ƴar takarda da Hausa da Turanci: fatar akuya, jimar bagaruwa, launin karan dafi ko rinin baba, an yi a Kano, kada a jiƙa, a shafa man kaɗanya kaɗan da hunturu. An rubuta ƙarara cewa rinin baba yana iya zuba in ya jiƙe. Gara mai saye ya karanta a rumfa da ya gani a rigarsa.

Alhamis, 4 ga Disamba

Ɗauri. Jakunkuna an cusa musu takarda don kada su lotse, ba jarida ba, tawada tana fita a shafi. Ja dabam, fari dabam. Farin yadi na tebur, madubi, maganaɗisu, farin tsumma da kwalbar ruwa, na'urar POS, layin waya na kamfani biyu. Gobe da asuba ta Zariya da Kaduna.

Asabar, 6 ga Disamba

An buɗe ƙarfe goma, amma ciniki bai kankama ba sai bayan la'asar. Rumfarmu tana fuskantar yamma, rana ta faɗo a kan tebur tun azahar, kaki ya fara naso a fuskar alabe. An ja tebur baya, an rataya yadin rini ya zama labule. Mai neman rumfa ya tambayi inda take fuskanta kafin ya biya.

Jakar da aka tsaga ta yi aikin da baki ba zai yi ba. Wata Hajiya ta goga alabe a gefen mayafinta, aka ce, "Hajiya, ga tsumma da ruwa, a gwada a kan wannan da ƙarfi." Ta gwada, ta duba tsumman, ta ɗauki gafaka biyu. Mutane suna tsayawa don kallon gwajin, tsayawar kuma ke kawo ciniki.

Gafaka bakwai sun tafi yau. Masu saye da yawa sun gane siffar tun daga nesa, wasu sun ce da irinta suka yi makarantar allo, sannan suka ciro kwamfutarsu suka gwada. Biyu masu inci 15 ba su shiga ba.

Da yamma layin waya ya cushe. Dokar rumfa: kaya ba ya barin tebur sai saƙon banki ya shigo wayarmu, ba hoton da mai saye ya nuna ba. Wanda ya ƙosa an rubuta masa takarda an ajiye kayan a gefe, duka sun dawo sun karɓa.

Lahadi, 7 ga Disamba

Da safe kafin mutane su cika an zaga sauran rumfuna. Masu adire sun fi kowa iya jeri: launi ɗaya a wuri ɗaya, kaya kaɗan a kan tebur, sauran a ƙasa. Namu teburin jiya ya cika da yawa, alabe ya ɓace a tsakanin jakunkuna. An rage, an ɗora alabe a faifai shi kaɗai a gaba, cinikinsa ya ninka na jiya. Wani maƙerin azurfa ɗan Agadas da ke maƙwabtaka da mu yana aiki a gaban mutane, da ƴar guduma da zarto, kuma rumfarsa ba ta rabuwa da jama'a. Baduku ma zai iya zama da allura biyu yana ɗinkin alabe.

Jakar hannu ce ta ba da kunya, kuma ba a kan kuɗi ba. Ƙorafi biyu ne suka yi ta maimaituwa. Hannu mai santimita 60 ba ya zama a kafaɗa in an sa babban mayafi ko hijabi, yana zamewa. Ana son doguwar igiya da za a rataya a karkace. Na biyu, bakin jakar maɓalli ɗaya ne ya rufe shi, su kuma zif suke so daga gefe zuwa gefe saboda shiga kasuwa da mota.

Laraba, 10 ga Disamba

An sayar da jaka 13, gafaka 10, alabe 27, maƙali 46. Kuɗin da ya shigo naira 1,154,000, wato ya gaza abin da aka kashe da 9,000. Kayan da suka dawo, jaka 9, gafaka 1, alabe 13 da maƙali 4, a farashin rumfa sun kai 453,000, kuma nan ribar take in an sayar. An karɓi odar gafaka mai inci 15 guda shida, an biya rabin kuɗi.

Jaka taran nan za a warware bakinsu a sa zif mai santimita 35, a ƙara igiyar kirgi mai santimita 120 da ke ragewa da ƙaruwa. Zoben tagulla sun yi saura, sai ƙarin kirgi na kusan 20,000. Zagaye na gaba gafaka ce kan gaba, girma biyu, guda 20, jaka kuma ba za ta wuce 10 ba. Za a ba majemi odar karan dafi tun wata ɗaya kafin lokaci don kada a cika da galura, a kuma yi gwajin tsumma a majema kafin a biya. Yadin rini da ya yi saura, kusan yadi 14, zai shiga marufin littafi da rigar matashin kai, abubuwan da ba a ratayawa a jiki. Ɗinkin odar nan shida zai fara ranar Litinin.